Yadda ake sayen gida a unguwa mai shiru a ƙasar Holan

A wajenmu, idan ka taya gida mai shi ya ce ya sallama, aka tafa a gaban dillali da shaidu biyu, ciniki ya faɗa, sai batun la'ada. A Holan wannan sallamar ba ta ɗaure kowa. Tun 2003 dokar ƙasar ta ce cinikin gidan da mutum zai saya don kansa ba ya tabbata sai an rubuta, an sa hannu. Mai gida zai iya amsa maka ta waya ranar Litinin, ranar Laraba wani ya ɗora Yuro dubu biyar a kan tayinka, ya juya maka baya, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara. Ka riƙe wannan tun yanzu, don duk abin da zai biyo baya a kansa yake tafiya.

Baƙo yana da ikon sayen gida kamar ɗan ƙasa, sai dai mallakar gidan ba ta ba shi takardar zama. Kasuwar kuma ta masu sayarwa ce. An ƙiyasta ƙasar tana da giɓin gidaje kimanin 400,000, kuma a 2024 matsakaicin kuɗin gida ya kai wajen Yuro 450,000. Gida mai kyau a unguwa mai kyau yakan fita cikin 'yan makonni.

Mataki na ɗaya: ka fara sanin ƙarfin aljihunka

Kafin ka buɗe hoton gida ko ɗaya, ka zauna da mai ba da shawara kan bashin gida, wanda suke kira hypotheekadviseur. Akwai na bankuna irin su ING, Rabobank da ABN AMRO, akwai masu zaman kansu da ke gwada maka tayin wurare da yawa. Ni na fi son na biyun. Tun 2013 aka hana bankuna ba su kamisho a kan wannan aiki, kai ne kake biyansu kai tsaye, saboda haka ka tambayi kuɗin aikin tun a zaman farko.

Zai nemi takardar shaidar aiki daga ubangidanka, wato werkgeversverklaring, da takardar albashi, da bayanin ajiyarka. In aikinka na wa'adi ne, ana iya haɗawa da takardar da kamfani ya nuna niyyar tabbatar da kai. Daga nan sai a auna abin da za a iya ranta maka bisa ƙa'idojin da Nibud, cibiyar nazarin kasafin kuɗin iyali, ke lissafawa duk shekara. A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Akwai ofishi a garin Tiel mai suna BKR da ke rubuta basussukan jama'a, kuma wayar hannun da ka karɓa biya sannu a hankali, in ta haura Yuro 250, tana ciki. Haka motar haya ta dogon lokaci, haka damar cin bashi da banki ya buɗe maka a asusu ko da ba ka taɓa ta ba. Bashin karatu na DUO, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai rance, ba ya cikin wannan rajista, amma wajibi ne ka faɗa. Kowane ɗayansu yana zaftare dubban Yuro daga abin da za a ba ka. Wanda za ka iya biya ka rufe, ka rufe shi.

Tun 2018 banki ba ya ranta fiye da darajar gidan, sai in za a yi gyaran rage cin makamashi, a nan ana kaiwa kashi 106 cikin 100. Ma'ana duk kuɗin da ke gefen ciniki daga aljihunka zai fito. In ka ga haruffan k.k. a bayan farashi, suna nufin ɗawainiyar canjin mallaka tana kan mai saye. Babba a cikinta shi ne harajin canjin mallaka: kashi 2 cikin 100 ga wanda zai zauna a gidan da kansa. A gidan Yuro 400,000, Yuro 8,000 ke nan. Wanda ya kai shekara 18 amma bai cika 35 ba ana yafe masa harajin sau ɗaya a rayuwa, muddin gidan bai wuce wani ma'auni ba, wanda a 2025 ya kasance Yuro 525,000. Ka ƙara da kuɗin notaris, wato masanin shari'a da ke rubuta takardar miƙa mallaka, da mai ƙiyasta daraja, da mai duba lafiyar gini, da dillalinka. Ka ware kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na kuɗin gidan, ban da abin da za ka ɗora a tayi.

Ka tambaya ko ka cancanci NHG. Asusu ne da ke tsaya wa mai bashi in ƙaddara ta faɗa masa, kamar rasa aiki, rabuwar aure ko rasuwar abokin zama, har ya zama dole a sayar da gidan da faɗuwa. A 2025 iyakarsa Yuro 450,000 ce, kuɗin shiga kuma kashi 0.4 cikin 100 na bashin, sau ɗaya. Bankuna suna rage kuɗin ruwa ga wanda yake da shi.

Tunda na ambaci kuɗin ruwa, bari in faɗi abin da ke ran da yawanmu. Bashin gida a Holan a kan ruwa aka gina shi, har sassaucin harajin da gwamnati ke yi wa mai gida na tsawon shekara 30 a jikin ruwan yake rataye. Wanda yake gudun riba ya zauna da malamin da ya yarda da shi, ya yanke matsayarsa tun a wannan mataki. Kada ya bari sai ya sa hannu sannan zuciyarsa ta fara kai kawo, domin a lokacin janyewa tana da tara.

Abu na ƙarshe a nan: asalin kuɗi. Banki da notaris duka doka ta ɗora musu tambayar inda kuɗinka ya fito. Kwasar adashi, ko gudummawar da yayanka ya turo daga Kano ko Maraɗi, halal ne, amma sai da takarda: wa ya bayar, kyauta ce ko rance, ta wane asusu ta biyo. Ka tattara wannan watanni kafin buƙata. Tsabar kuɗi a jaka ba ta da amfani a wannan ciniki.

Mataki na biyu: unguwa

Shiru ba ya fitowa a hoto, kuma duk dillalin duniya zai rubuta maka cewa unguwa tana da natsuwa. Aikinka ne ka tabbatar.

Unguwannin zama iri iri ne, kuma shekarar gini tana gaya maka rabin labari. Akwai na shekarun 1930, jan bulo, manyan bishiyoyi, kusa da tsakiyar gari. Mutanen ƙasar suna mutuwar son su, shi ya sa suke da tsada, ga shan gas lokacin sanyi in ba a gyara su ba. Akwai na shekarun 1970 zuwa 1980 masu lunguna a murɗe da ke ƙarewa a dandali, har ana yi musu laƙabi da unguwannin farin kabeji saboda kamannin taswirarsu. A irin waɗannan ne ka fi samun woonerf, titin da mai tafiya a ƙasa da yaro mai wasa suka fi mota iko, gudu ba ya wuce kilomita 15 a awa. Baƙo zai ɓata sau uku kafin ya gano ƙofarka, amma in shiru kake nema da farashi mai dama, nan zan fara leƙawa. Sai kuma sababbin unguwannin da aka tsara bayan shirin gwamnati na 1991 da ake kira Vinex, irin su Leidsche Rijn a Utrecht, Ypenburg a Hague da Vathorst a Amersfoort: gini mai riƙe ɗumi, makarantu a kusa, iyalai masu ƙananan yara. Garin Houten an tsara shi ne yadda keke ke ratsa ciki, mota kuma sai ta zaga ta waje. Almere, wanda aka fara zama a cikinsa a 1976 a kan ƙasar da aka ƙwato daga ruwa, ya zama mafakar waɗanda farashin Amsterdam ya kora.

In ka ware unguwa biyu ko uku, ka taka ƙafa ka je, kuma ba sau ɗaya ba. Ka je da ƙarfe takwas da kwata na safiyar ranar aiki, lokacin da iyaye ke kwarara makaranta da kekunan nan masu akwati a gaba, yara biyu ko uku a zaune ciki sun sha rigar ruwa. A nan za ka gane ko titin da ka ɗauka lungu ne ashe hanyar ratse ce ta masu gudun cunkoso. Ka koma da ƙarfe shida na yamma ka ga ko akwai wurin ajiye mota bayan kowa ya dawo. Ka sake komawa daren Juma'a wajen goma da rabi, ka tsaya a bakin titi, ka sa wayarka a aljihu, ka saurara minti goma. Ƙugin babbar hanya, wanda hayaniyar rana ke rufewa, da dare yake fitowa, kuma yana bin iska: abin da ba ka ji yau ba, gobe iska ta juya sai ka ji shi a ɗakin kwana. Wanda ke duba gida a kewayen filin jirgin sama na Schiphol, wuraren Aalsmeer, Amstelveen, Hoofddorp ko Zwanenburg, ya sani cewa titin da jirage ke amfani da shi yana canzawa da iska. Ziyara ɗaya a can cinikin biri a sama ce.

Gwamnati ta sauƙaƙa wani ɓangaren. Shafin Atlas Leefomgeving yana da taswirar ƙara ta mota, jirgin ƙasa da jirgin sama. Shafin Leefbaarometer yana ba kowace unguwa maki kan daɗin zama. A Omgevingsloket kuma za ka ga abin da aka yarda a gina a kowane fili, don wannan koren filin da shanu ke kiwo a bayan gida yana iya kasancewa an riga an ware shi wa benaye.

Sannan ka yi wa kanka gaskiya. Shirun da kake saye, kai ma za a nema a wajenka. Yawancin gidajen a jere suke, bango ɗaya da maƙwabci, kuma in gini tsoho ne har takun matakala ana ji. In gidanka na baƙi ne, taron suna, buɗa baki da mutum talatin, hira har sha biyun dare, to ka nemi gidan ƙarshen layi mai maƙwabci a gefe ɗaya, ko da zai ɗan fi tsada. Ka hau keke ka auna minti nawa ne zuwa tashar jirgin ƙasa, makaranta, masallaci da shagon Baturke ko ɗan Maroko mai naman halal. Unguwar da ta fi kowace shiru sau da yawa ita ce ta fi nisa da waɗannan.

Mataki na uku: dillali da ganin gida

Kusan duk gidan sayarwa yana hawa shafin Funda. Ka saita shi ya riƙa aiko maka sababbi, ka kira a ranar da gida ya fito, don gurbin masu gani yakan cika da wuri. Dillalin da ke cikin tallar na mai sayarwa ne, komai fara'arsa. Kana iya ɗaukar naka, aankoopmakelaar, kuma ga wanda bai ƙware a harshen ba ko bai san garin ba, la'adarsa ba asara ba ce: ya san nawa gidajen layin suka fita a zahiri.

Ganin gida ba ya wuce minti 20 zuwa 30, don haka kada ka ɓata shi wajen yaba labule. Ka ɗauki tocila. A gidaje da yawa, in ka ɗaga tabarmar goge ƙafa da ke bayan ƙofar shiga, za ka ga murfin wani rami da ke ƙarƙashin daɓe. Ka nemi izini ka buɗe, ka durƙusa, ka haska. Ka shaƙi iskar. In ruwa ya kwanta, ko warin ruɓa ya buge ka, ko ka ga katakon daɓe ya yi baƙi, ka san akwai magana. Ka duba shekarar da ke jikin tukunyar ɗumama gida, yawanci shekara 15 suke yi. Ka danna farce a katakon taga ta waje. Ka hau har ɗakin ƙarƙashin rufi, ka nemi tabon yoyo. Ka fita lambu ka duba inda ya fuskanta: a ƙasar da rana take wuyar gani, lambun da ke kallon kudu yana ƙara wa gida kuɗi.

Babban haɗari a ƙarƙashin ƙasa yake. Yammacin Holan ƙasa ce mai taushi, kuma tsofaffin gidaje da yawa, musamman na kafin 1970, a kan turakun itace aka kafa su. Muddin turakun suna cikin ruwa, suna iya yin ɗaruruwan shekaru. Da ruwan ƙasa ya ja baya kansu ya sha iska, sai ruɓa ta kama. Gouda, Zaanstad, Dordrecht, Schiedam da sassan Rotterdam sun yi suna da wannan matsala, kuma gyaran harsashi yana cin dubun dubatar Yuro. Alamominsa tsaga a bango da ke tafiya kamar matakala, ƙofar da ke cijewa, da daɓen da in ka ajiye ƙwallon yara sai ta gangara da kanta. KCAF, cibiyar da ke nazarin matsalar harsashin gidaje, tana da bayanin yankunan da abin ya shafa. Ban da wannan, gidan da aka gina kafin 1994 yana iya ƙunsar asbestos, na kafin 1960 kuma bututun ruwa na dalma.

Mataki na huɗu: karanta takardu

Dillali zai ba ka tarin takardu. Akwai jerin tambayoyin da mai gida ya amsa game da aibobin da ya sani. Doka ta ɗora masa faɗar abin da ya sani, ta ɗora maka bincike, saboda haka aibin da ido ke gani ba za ka dawo kana kuka a kansa ba. Akwai jerin kayan da za a bari da waɗanda za a kwashe. Ka karanta shi da kyau, don a can ba abin kunya ba ne mutum ya tafi da fitilu da daɓen katako. Akwai takardar makamashi mai nuna yawan makamashin da gida ke ci, daga A zuwa G, wadda tun 2024 take shafar yawan bashin da za a ba ka.

Ka nemi kalmar erfpacht. In tana nan, ginin naka ne amma filin haya ne, yawanci na ƙaramar hukuma. Amsterdam ta fara wannan tsari tun 1896, kuma akwai shi a Hague, Utrecht da Rotterdam. Ka tambayi ko an biya kuɗin filin gaba, har zuwa wace shekara, da abin da zai faru bayan nan. In kuma ɓangaren bene kake saye, dole ka zama ɗan ƙungiyar masu gidajen, VvE. Ka karanta bayanan tarukansu da abin da ke asusun gyara. Ƙungiyar da asusunta ya bushe ga rufi yana yoyo, kai za ta aiko wa takardar biya.

Wanda ke tunanin ya saya ya zuba 'yan haya ya duba dokar garin tukuna. Tun 2022 ƙananan hukumomi suna da ikon hana ba da hayar gidan da aka saya a wasu unguwanni har shekara huɗu, kuma bankinka ma ba zai yarda ba sai da izininsa.

Mataki na biyar: tayi

Farashin da ke talla mafari ne. Sau da yawa akan sa rana da lokaci, kowa ya aika tayinsa sau ɗaya ta intanet ba tare da ganin na wani ba. Kafin ka rubuta lamba, ka duba darajar da hukuma ta yi wa gidan a shafin WOZ-waardeloket, ka sayi bayanin cinikin gidajen layin daga Kadaster, ofishin rajistar filaye, da 'yan Yuro kaɗan.

Ka tuna banki darajar gida yake bi, ba tayinka ba. In ka taya 430,000 mai ƙiyasi ya ce 410,000, wannan 20,000 ɗin kai za ka ciko.

Tayi ya ƙunshi kuɗi, ranar karɓar makulli da sharuɗɗan janyewa. Biyu ne manya: in banki ya ƙi ba da bashi cikin makonnin da aka yanka, ciniki ya warware, in mai duba gini ya gano gyaran da ya wuce wani adadi, ciniki ya warware. Za a raɗa maka cewa wanda ya cire sharaɗin banki shi ke cin gasa. Gaskiya ne, masu sayarwa suna son haka. Amma in ka cire shi banki ya ƙi, tarar kashi 10 cikin 100 ce, Yuro 40,000 a gidan 400,000, ga ba gida. In ba kana da kuɗin a ajiye ba, kada zafin gasa ya ɗebe ka. Gara ka rasa gida biyar.

In an kayar da kai, ka nemi littafin tayi. Tun farkon 2023 dillalan manyan ƙungiyoyi, har da NVM, suna ajiye jerin tayin da aka yi, kuma masu tayi suna iya gani bayan ciniki ya kammala. Darasi ne kyauta don gida na gaba.

Mataki na shida: sa hannu

In an amsa maka, ka matsa a kawo yarjejeniya da wuri. Ka bi ta layi layi da dillalinka. Ka lura da sakin layin da ke cewa gida tsoho ne don haka mai sayarwa ba ya ɗaukar alhakin aibin tsufa, da wanda ke cewa bai taɓa zama a gidan ba, kamar magada. Duka biyun suna mayar da haɗari kanka, kuma suna ƙara wajabta kiran mai duba gini.

Bayan an miƙa maka kwafin da kowa ya sa wa hannu, kana da kwana uku na tunani. A cikinsu za ka iya fasawa ba tare da dalili ko tara ba, kuma dole biyu daga kwanakin su zama na aiki. In za ka fasa, ka fasa a rubuce. Daga nan sai ajiye kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 a asusun notaris, ko banki ya tsaya maka da takardar lamuni. Sai ƙiyasin daraja, wanda bankuna ke so cibiya irin NWWI ta tantance. Ka rubuta ranar ƙarewar sharaɗin banki a inda za ka riƙa gani kullum. In ta matso banki bai amsa ba, ka nemi ƙarin lokaci a rubuce kafin ta wuce.

Mataki na bakwai: ranar makulli

A gidan k.k. mai saye ne yawanci ke zaɓen notaris, kuma farashinsu ya bambanta, don haka ka tambayi uku. In Holancinka bai nuna ba, doka ta ce a kawo tafinta, kuma kai za ka biya. In a ƙasarka ta asali aka ɗaura maka aure, ka faɗa tun da wuri ka kai takardar, domin notaris zai so sanin dokar da ke kan dukiyarku kafin ya rubuta sunan mai gida.

Da safiyar ranar za ku zaga gidan da dillali. Ka kunna famfo da na'urar ɗumi, ka gwada jerin kayan da aka ce za a bari, ka ɗauki hoton mitar wuta, gas da ruwa. Abin da ka gani ba daidai ba, ka faɗa kafin a zauna a teburin notaris. A can za a karanta takardar miƙa mallaka da ta jingina, a sa hannu, a ba ka makulli, shi kuma ya shigar da sunanka a Kadaster. Ka tabbatar inshorar gini ta fara aiki daga wannan rana.

Cikin kwana biyar da tarewa ka sanar da ƙaramar hukuma sabon adireshinka. A farkon shekara takardun haraji za su iso, na gida daga ƙaramar hukuma, da na hukumar ruwa mai kula da madatsu da famfunan da ke hana unguwar nutsewa. In za ka dasa bishiya, dokar ƙasa ta ce ta yi nisan mita biyu da iyakar maƙwabci, shingen ganye kuma rabin mita, sai in garinku ya sassauta. A makon farko ka ƙwanƙwasa ƙofar dama da ta hagu, ka gabatar da kanka, ka faɗa musu ranakun da masu gyara za su yi buge buge, ka tambaye su wace rana ake fitar da wane kwandon shara. Ranar Litinin ta farkon wata kuma, da ƙarfe sha biyun rana, in ka ji jiniya ta cika unguwa, kada ka kwashi yara ka yi waje. Gwaji ne.